Lis Na Biyu Bai Fito Ba, Ku Matso Mu Yi Gardama

Na san halinku. Da kun ga Dagona a saman shafi sai ku gyara zama, ku ce yau kuma labarin tsuntsaye za a sha: dinya da kirinjijiya da kwasakwasa, da baƙin nan masu ƙetaro Sahara daga Turai duk lokacin sanyi, da yadda Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya tako har bakin tafkin a 1989 don ya gan su da idonsa. To ku huta. Tsuntsaye suna nan lafiya lau, sun ce a gaishe ku. Su ba su da damuwa, suna sauka a ƙasar Bade ba mai tambayarsu takardar ƙaramar hukuma, ba mai ce musu su dawo mako mai zuwa lis bai fito ba. 'Ya'yan mutanen da ke gefen tafkin ne ke cikin damuwa, kuma a kansu na zo mu ɗan taɓa gardama.

"Wai a Dagona har akwai mai jiran jami'a?" Na ji ka, Alhaji, kai da ke kishingiɗe a Kano fanka na kaɗa maka. Akwai, kuma ba ɗaya ba. Ka shiga Gashua ko Nguru a kowace rana tsakanin ƙarshen damina da shigowar sanyi, ka leƙa shagon intanet. Za ka tarar da yaro a tsaye, lambar rajistarsa a rubuce a 'yar takarda da ya ninke ya saka a aljihun gaba har ta yi laushi. Ya miƙa wa mai shago, ya miƙa kuɗin dubawa. Mai shago ya buga lamba, shafi ya tsaya yana juyi, sabis ya ɗauke, ya dawo, sannan layi guda ya bayyana da Turanci, ma'anarsa ana kan aiki, a sake dubawa daga baya. Shi ke nan. Kuɗin mota ya tafi, kuɗin dubawa ya tafi. Ya koma gida, Inna ba ta tambaye shi ba, fuskarsa kawai ta kalla ta ci gaba da tankaɗe. A waje kuwa abokai tuni sun raɗa masa suna Dokta, kuma duk wanda ya kira shi da sunan sai ya ji kamar an tuna masa bashi.

Jarrabawar JAMB ana yin ta ne a bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu. Damina ta sauka, a shuka shinkafa, ambaliya ta ci wadda za ta ci, a yanke saura, yaro yana nan yana jira. Lis na farko ya fito babu shi. Aka ce akwai na biyu. Bayan na biyu akwai na cike gurbi, wanda ba shi da rana, ba shi da wata, sai dai jita-jita a WhatsApp. Ba a ce masa ya samu ba, ba a kuma ce masa ya rasa ba. Wannan ratayar ita ce azabar, don wanda aka ce wa a'a yana iya kama wata sana'a, wanda aka ce wa jira kuwa ko tafiya Hadejia ba ya son yi, kada suna ya fito ba ya nan.

Bari mu fara da kai, Dokta na gaske, mai digiri uku, wanda ke karanta wannan yana taɓe baki. Kai maganarka ɗaya ce: cancanta. A jera yara bisa maki, a ɗauka daga sama, a tsaya inda kujeru suka ƙare, kowa ya tafi gida. Kuma na san abin da ke bakinka, tun ɗazu kake taunarsa: "Ai Yobe da maki 2 ake shiga." Faɗi, kada ya shaƙe ka.

Gaskiya ne an taɓa yin haka. A 2013 aka fitar da makin shiga makarantun sakandare na gwamnatin tarayya, aka sa wa ɗan Anambra 139, aka sa wa yaro namiji ɗan Yobe 2. Ba ƙage ba ne, kuma babu ɗan Yobe mai kunya da zai ce abin bai yi masa ciwo ba. Amma Dokta, tunda kai mutum ne mai bincike, ka lura da abu biyu. Na farko, wannan jarrabawar 'yan aji shida ce na firamare, ba ta shiga jami'a ba. Babu jami'ar da ke koyar da aikin likita da maki 2, ko ta wace jiha ce. Na biyu, ka duba kalandar shekarar. A watan Yulin 2013 aka kashe ɗalibai a makarantar Mamudo. A watan Satumba aka shiga ɗakin kwanan Kwalejin Aikin Gona ta Gujba. A watan Fabrairun 2014 aka yi wa yara maza 59 kisan gilla a Buni Yadi, kuma wannan makarantar ita kanta ta gwamnatin tarayya ce, irin wadda ake rigimar makin shigarta. Daga baya, a 2018, aka kwashe 'yan mata 110 a Dapchi. A jihar da uba ke auna tura ɗansa makarantar kwana da yiwuwar a kawo masa gawa, ba layin masu neman shiga ne ya yi tsawo ba, layin ne babu kowa. Wannan makin bai auna ƙwaƙwalwar yaron Yobe ba, ya auna yawan waɗanda suka yarda su zo.

Kada ka ɗauka na mayar da kukan ɗan Kudu abin wasa. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka kai Ministan Ilimi kotu a madadin wata yarinya 'yar asalin Ogun, shari'ar da lauyoyi ke kira ta Badejo, saboda a jarrabawar shiga sakandaren gwamnatin tarayya ta ci makin da ya fi na yara da yawa da aka kira, ita ba a kira ta ba don jihar iyayenta. Maganar ba ta kai ƙarshe a Kotun Ƙoli ba sai 1996, lokacin da sa'anninta sun daɗe da gama sakandaren da ake shari'a a kanta. In ana neman uwar masu jiran lis a ƙasar nan, ita ce. Yarinya ta yi karatu, ta ci, aka ce mata kakanta ya yi kuskuren gari. Duk wanda ya ce wannan ba ciwo, bai taɓa haihuwa ba.

To amma zo mu yi lissafi, tunda kai lissafi kake girmamawa. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ita ce: a cikin kujeru 100, guda 45 na cancanta ne zalla, ko daga ina ka fito. Guda 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar ne. Guda 20 na jihohin da aka ce an bar su a baya a ilimi. Wannan 20 ɗin ita ce ake zagin Yobe a kanta. Ka san jihohi nawa ke cikin jerin? Guda 23. Duk jihohin Arewa 19 suna ciki, har da Kwara da Kogi da Binuwai da Filato, sannan ga Ribas da Bayelsa da Kuros Riba da Ebonyi. Raba kujera 20 wa jihohi 23 ka gaya mini rabon Yobe. Bai kai kujera ɗaya ba. Sannan ka ɗauki wannan guntun ka raba wa ƙananan hukumomi 17, ka ware na Bade, a cikin na Bade ka ware na Dagona. In ka samu abin da ya isa ɗora ƙafa ɗaya, ka aiko mini.

Sannan cancantar nan taka, a ina aka auna ta? Yaron Dagona da Badanci ya buɗe baki, da Hausa yake ciniki a kasuwar Gashua, da Larabci ya wanke allo, da Turanci kuma za a yanke masa hukunci. Tun 2015 jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya, a tsarin yanzu tambayoyi 180 ne, Turanci 60, sauran darussa uku 40-40, cikin awa biyu. JAMB da kanta ta san akwai yaran da ba su saba da linzamin kwamfuta ba, shi ya sa ta tsara a iya yin jarrabawar da 'yan maɓallai kaɗan, A da B da C da D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Ka tsaya a bayan yaro ranar farko ka ga yadda yake neman harafin N da yatsa ɗaya, agogo na tafiya a kusurwar allo. A can wani gari, sa'ansa ya shekara yana gwajin irin wannan jarrabawa a kwamfutar ɗakinsa, da malamin darasi da ke zuwa gida. Wancan ya ci 270, wannan ya ci 230. Kai ka ce wancan ya fi. Ni kuma ina tambaya, da an musanya musu gida tun suna aji ɗaya, nawa kowa zai ci? A 2025 kusan yara miliyan 2 suka zauna, a sakamakon da aka fara fitarwa sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 cikin 400 ba. Yaron da ya yi karatu da fitilar waya a bakin fadama ya haura 200, ba alfarma aka yi masa ba, ya wuce mafi yawan waɗanda suka zauna jarrabawar a ƙasar nan.

In kuma ka ce na'ura ba ta son kai, haka ne, amma tana tuntuɓe. A wannan shekarar dai ta 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida a watan Mayu yana share hawaye, ya ce kuskuren na'ura ya ɓata sakamakon yara 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Ka ga ke nan makin da kake rantsuwa da shi ba daga sama yake sauka ba.

Yanzu na juyo kanka, Malam, shugaban majalisar mai shayi, kai da ke gyaɗa kai tun ɗazu kana cewa na yi daidai. Kada ka yi saurin murna, naka kason yana nan. Kai karatunka guda ne: "Sai da hanya. In ba ka da kowa a sama, ko 400 ka ci ba za ka shiga ba." Ka faɗa wa ɗanka, ka faɗa wa ɗan maƙwabci, har yaran unguwa sun haddace sun daina buɗe littafi.

Ba zan ce ƙarya kake ba ɗungurungum, ruwa ba ya tsami banza. An kafa JAMB a 1978 don a daina barin kowace jami'a tana ɗaukar wanda ta ga dama, wani ya samu gurbi uku wani ya rasa ko ɗaya. Duk da haka takardun manya ba su daina yawo ba, shi ya sa a 2017 aka kawo tsarin CAPS, inda jami'a za ta gabatar da suna ta intanet, JAMB ta duba ta amince, ɗalibi ya gani a shafinsa ya danna karɓa ko ƙi. An yi shi ne don a ga in an tsallake mai maki da yawa an ɗauki na ƙasa da shi. Kuma duk da wannan shinge, a 2021 hukumar ta bayyana cewa manyan makarantu sun ɗauki ɗalibai sama da 700,000 ta bayan gida. Don haka ƙofar baya tana nan, ba mafarki ka yi ba.

Amma Malam, tsakani da Allah, nawa ɗanka ya ci? Kada ka kalli gefe. 165 ya ci, ka sa shi ya cika aikin likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, jami'ar da yaran jihohin Arewa kaf ke rububinta, ga na Kudu. Da lis ya fito babu shi, ka tara jama'a ka ce an sayar da gurbinsa. Wane gurbin? Mafi ƙarancin makin da aka amince jami'a ta ɗauka da shi a 2025 shi ne 150, amma wannan bakin ƙofar gida ne kawai, ɗakin likitanci yana can ƙurya, kuma kujerunsa ƙidayayyu ne, hukumar kula da aikin likita ce ke yanka wa kowace jami'a adadin da ba za ta wuce ba. Ga kuma wanda ya fi ban haushi: yaro ya ci maki mai kyau, ya yi jarrabawar tantancewa, amma sakamakonsa na WAEC ko NECO ba a ɗora shi a shafin JAMB ba. Jami'a ba ta iya gabatar da sunan wanda takardarsa ba ta hau ba. Wata huɗu yana zaman jiran gawon shanu, kai kuma kana majalisa kana zagin mutanen Abuja, alhali aikin minti goma ne a cibiyar JAMB. Wani kuma an ba shi, suna ya fito, bai duba ba har wa'adin karɓa ya wuce. A nan ba dogon hannu ne ya cuce shi ba, gajeren bincike ne.

Kuma wannan wa'azin naka na "sai da hanya" shi ne jarin 'yan damfara. Da an ce lis na biyu ya kusa, sai lambobin waya su fara yawo, wai wani ma'aikaci ne a ciki, a tura kaza a saka suna. Uba ya sayar da buhun shinkafa biyu ya tura, lamba ta mutu. Kai ka share musu fage.

Baba, ina wuni. Na ga ka yi shiru. Kai ba ka gardamar kaso, ba ka gardamar hanya, kai dai ɗanka likita zai zama ko a fasa. An turo masa tayin canjin kwas, an ce ga gurbi a fannin kiwon kifi a Jami'ar Tarayya ta Gashua, nan kusa da gida, wadda aka kafa a 2013. Ka ce, "Kifi? Ni da na tsufa a cikin kwalekwale, sai na biya kuɗi a koya wa ɗana kifi?" Jama'a suka yi dariya, ni ma na yi. Amma a nan zan sassauta murya, don na san abin da ke ranka. Duk wanda ya san Gashua da ƙasar Bade ya san ciwon ƙoda, ya san gidajen da ya shiga ya ɗauki magidanci, ya san kuɗin wankin ƙoda da ke cinye gona da shanu. Uban da ya binne ƙaninsa da wannan ciwo in ya ce ɗansa likita zai zama, ba burga yake ba. Ƙasar nan tana bukatar likitocin da za su iya yi wa tsohuwa tambaya da Badanci, waɗanda in an tura su asibitin Gashua ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ba za su fara neman canjin wurin aiki tun ranar farko ba. Wannan ma hujja ce da Dokta bai saka a lissafinsa ba.

Sai dai Baba, ruwan da kake kamun kifi a ciki ba shi ne na zamanin mahaifinka ba, kai ka fi ni sani. Tun da aka gina madatsar Tiga a shekarun 1970 da ta Challawa a farkon 1990, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Hadejia da Nguru ta canza hali. Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, inda ake jefa koma a da yanzu ko kwalekwale ba ya ratsawa. (Alhaji na Kano, kana ji? Ruwanmu kuka tare kuna noman rani a Kadawa, sannan kana tambaya ko akwai mai karatu a Dagona. Ba komai, Zage-zagi za su rama mana.) Wa zai zauna a teburin da ake raba ruwan nan ya yi magana da alƙaluma in ba yaron da ya karanci ruwa da kifi da ƙasa ba? Kuma in taken girma kake so, ɗan Gashua da ya zama Shugaban Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023, Ahmad Lawan, labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Maiduguri. Bai taɓa yi wa kowa allura ba. Ban ce kowane yaro ya karɓi duk abin da aka miƙo masa ba. Mai 260 da ya rasa da kaɗan, in yana da ƙarfin zuciya da mai ɗaukar nauyinsa, ya sake zama baɗi. Amma mai 180 da ke shekara ta uku yana jiran likitanci, ba haƙuri yake ba, shekarunsa ake ci.

Ga 'ya mace kuwa lissafin ya fi tsanani, Hajiya ta sani. Namiji in ya rasa bana zai shiga fadama ko ya ja Keke NAPEP ya sake gwadawa. Ita kuwa kowane wata da lis ya ƙara, baki ne ke ƙaruwa a gidan: gwaggo ta zo ta yi magana, kawu ya aiko, mai neman aure ya ƙara zuwa zance. Jami'ar da ta ja lis na cike gurbi har wata uku, a takardarta jinkiri ne kawai. A wani gida a Bade, kafin suna ya fito an riga an sa rana.

To, saura mutum ɗaya, kuma da gangan na bar shi ƙarshe. Ranka ya daɗe, kai da ke karanta wannan a bayan mota a Abuja, gilashi a rufe. Tun ɗazu kana jin daɗi, ina kare kason jihohi, kana cewa yaron nan ya iya magana. Ɗanka a Abuja aka haife shi. Makarantar kuɗi ya yi tun daga rainon yara, kuɗin zango ɗaya ya fi abin da masunci ke samu a shekara. Bai san hanyar Gashua ba, bai taɓa ganin bikin kamun kifi na Bade ba sai a waya, in sauron Nguru ya cije shi sau ɗaya sai an kai shi asibiti. Amma da lokacin cike fom ya yi, sai ka ɗaga waya, kafin la'asar an buga masa takardar indijin da hatimin ƙaramar hukuma. Ya ci 235. A layin cancanta ba zai kai ba, abokan ajinsa sun yi masa nisa. Sai ya zagayo ya shiga layin jihohin da aka bari a baya, ya tsaya gaban yaron Dagona mai 230, kuma bisa ƙa'ida shi za a ɗauka. Ba a karya doka ko ɗaya ba. Ko CAPS ta duba, daidai za ta gani.

Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Da sunan yaron ƙauye aka yanka kason, shi ake yi wa gorin maki 2 a duk faɗin ƙasar nan, in ya shiga jami'a shi ake kallo a ce ɗan alfarma ne, amma kujerar ɗanka ne a kai. Tsarin yana tambayar inda kakan yaro ya fito, ba ya tambayar ajin da yaro ya zauna. Jiha ba ta zama a aji, Ranka ya daɗe. Yaro ne ke zama, a kan benci ko a ƙasa, gaban malamin kimiyya ko gaban allo da ba kowa.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan rigima ba. A Amurka sun yi shekara da shekaru suna duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, har Kotun Ƙolinsu ta soke hakan a watan Yunin 2023 a shari'ar Jami'ar Harvard, amma fifikon da wasu manyan jami'o'insu ke ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da masu ba da gudummawa bai tafi tare da shi ba. Ka ga su ma suna da nasu Ranka ya daɗen. Wanda ya fi kama da maganinmu shi ne na Barazil. A 2012 suka yi doka: rabin kujerun jami'o'in tarayya na yaran da suka yi sakandarensu a makarantun gwamnati ne, a cikin wannan rabin kuma aka sake ware wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Makarantar da ka zauna ita ce shaidarka ta farko.

Abin da nake cewa ke nan a yi da kujeru 20 ɗin nan. A bar su, kada a soke, Dokta ya yi haƙuri. Amma a ɗaura su a kan makaranta: wanda zai shiga wannan layi ya zama ya yi manyan azuzuwan sakandare uku a makarantar gwamnati da ke cikin jihar. Na ji wani daga baya yana cewa, "Ai sai masu kuɗi su kawo 'ya'yansu ƙauye su yi rajistar WAEC kawai." Shi ya sa na ce shekara uku, ba mako uku na jarrabawa ba, kuma tunda tun 2021 ba mai yin rajistar JAMB sai da lambar NIN, bin sawun yaro ba gagara ba ne in an so. In kuwa Ranka ya daɗe ya yarda ɗansa ya zauna shekara uku a aji cike maƙil a Gashua, ya sha zafin Afrilu, ya ci abincin makarantar kwana, wallahi ya ci kujerar halal, ni zan raka shi rajista. Ina ma tabbata kafin yaron ya gama zango na biyu za a ga an kawo malamin lissafi da injin ba da wuta, sauran yara su samu albarkacinsa.

Na biyu kuma bai kai wannan wahala ba. Kowace jami'a ta manna lis a fili da makin kowa, da layin da ya shigo ta kai, cancanta ne ko kewaye ko kason jihohi, da makin mutum na ƙarshe da aka ɗauka a kowane kwas. Masu jira kuma a ba kowa lambarsa: kai ne na 7, kai ne na 300. Na 7 ya jira, na 300 ya nemi Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, ko Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman a Gashua, ko kwalejin kiwon lafiya ta Nguru tun ba a rufe ba. A sa ranar da lis na ƙarshe zai fito, a kuma cika. Da an yi haka majalisar Malam ta rasa abin tattaunawa, 'yan damfara su koma gona.

Mu ma 'yan gida kada mu lulluɓe da kason nan mu yi barci. An ƙirƙiri Yobe a 1991, yaran da aka haifa a shekarar yanzu su ke raka nasu 'ya'yan makaranta, har yau sunanmu na cikin jerin waɗanda aka bari a baya, kuma ba wanda ya sa ranar fita. A 2019 Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare. Madalla. Awon wannan doka ba fentin gini ba ne, a ƙirga malaman lissafi da kimiyya da Turanci da ke tsaye a gaban aji ranar Litinin da safe a Bade da Jakusko da Karasuwa da Nguru. Ranar da yaran nan suka fara cika layin 45 da ƙarfin kansu, Dokta zai nemi wani abin taɓe wa baki.

Kai kuma ɗan autan Inna, da ake ta gardama a kanka ba a tambaye ka ba: gobe da safe ka je cibiyar JAMB, ba shagon kan kwana ba, ka tabbatar sakamakonka na WAEC ko NECO ya hau, ka duba ko an turo maka tayin canjin kwas, kada ka tura wa kowa ko sisi. Ranka ya daɗe, kai kuma ka ce wa yaronka ya koma layin cancanta, kujeru 45 ne a can, sun ishe shi.